Darasi na 9: Maganin tayar da garkuwar jiki ga mai ciwon dajin mafitsara, da wahalhalun da yake zuwa da su

Duba dantsenka. Mutane da yawa suna da ɗan tabo a wurin, na allurar BCG da aka yi musu suna jarirai saboda tarin fuka. Masana biyu na Faransa, Calmette da Guérin, su suka samar da ita, aka fara amfani da ita a 1921. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa in aka zuba BCG cikin mafitsara, tana rage dawowar ciwon daji bayan an kankare shi. Aikinta shi ne ta tsokano garkuwar jiki, ita kuma garkuwar ta far wa ciwon. To, garkuwa in ta tashi, sai jiki ya ji a jikinsa.

Da siririyar robar fitsari ake shigar da maganin, sau ɗaya a mako har mako 6. Majiyyaci zai riƙe shi kamar awa 2 kafin ya yi fitsari. Ranar nan da kashegari, mafi yawan mutane suna jin zafin fitsari kamar an zuba barkono. Fitsarin yakan matsa akai-akai, a je banɗaki a dawo, ba a zauna ba a sake tashi. Wani zai ga ɗan jini-jini, ga kasala da ciwon gaɓɓai da ɗan zazzaɓi kamar mura za ta kama shi. Wannan duk an san da shi, kuma yakan lafa cikin kwana 2. A sha ruwa da yawa bayan an fitar da maganin, a huta. Sau da yawa mako na huɗu ko na biyar ya fi na farko wuya. A nan wasu suke karaya su daina zuwa, abin da yake damuna ƙwarai ke nan. In wahalar ta yi yawa, a gaya wa likita, yana da dabarar sauƙaƙa ta ko ya ɗaga ranar.

Ƙwayar cutar da ke cikin BCG tana da rai, an dai raunana ta ne. Saboda haka a awa 6 na farko, namiji ma ya yi fitsari a zaune don kada ya fantsama. Ya zuba bilic a masai, ya bar shi minti 15 kafin ya kora da ruwa, sannan ya wanke gabansa da hannuwansa da sabulu. Ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba na mako guda bayan kowane zubi.

Ga inda ba a jira. Mu ce tsakar dare ne, maigida yana ta karkarwa cikin bargo, haƙoransa na kaɗawa. Uwargida ta sa masa ma'aunin zafi ta ga 39. Wannan ba na "bari gari ya waye" ba ne. Zazzaɓi mai zafi haka, ko wanda ya haura 38.5 ya wuce kwana 2, ko tari da sarƙewar numfashi, ko kumburin maraina, ko fitsari ya ƙi fita, duk alamu ne cewa ƙwayar ta iya shiga jiki. Ba ya faruwa da yawa, amma yana kisa in an yi sakaci. Da magungunan tarin fuka ake magance shi. Kuma duk ranar da aka ga jini ƙarara a fitsari kafin zubi, a faɗa, domin ba a zuba BCG a kan rauni.

Bayan BCG, akwai wasu magungunan tayar da garkuwar jiki, waɗanda ake bayarwa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, galibi in ciwon ya yi nisa ko BCG ta gaza. Daga cikinsu akwai pembrolizumab da nivolumab da avelumab. Su nasu aikin cire wa garkuwar jiki linzami ne. Dokin da aka cire wa linzami kuwa yana iya taka gonar gida. Garkuwar takan taɓa fata, a ga ƙuraje da ƙaiƙayi. Takan taɓa hanji a yi ta zawo, ko huhu a yi busasshen tari, ko hanta ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara. Wani kasala ce kawai mai nauyi, ashe sinadaran jikinsa ne suka rikice, sai gwajin jini zai nuna.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne lokaci. Matsalar tana iya ɓullowa bayan makonni, ko watanni bayan an gama maganin, har an manta. Sai mutum ya ɗauka zawon abinci ne, ya sayi maganin tsayar da shi, alhali hanjinsa ne ya kumbura. Kada a yi haka. In bayan gida ya ƙaru da sau 4 a rana kan yadda aka saba, ko da jini a ciki, a tafi asibiti. Likitoci suna kwantar da garkuwar da magani irin su prednisolone, kuma in an zo da wuri yakan yi aiki.

Aikin gida: ɗauki takarda ka rubuta sunan maganin da ake ba ka ko ɗan'uwanka, da ranar da aka yi na ƙarshe, da lambar wayar asibiti. Naɗe ta ka sa a aljihu, ka nuna wa duk likitan da zai duba ka, ko da ciwon kai ne ya kai ka.