Yadda Ake Tuƙa Keke a Cikin Rairayi

In za ka fita daga Kano ka bi gefen Kogin Challawa da rani, fara da taya. Mai faɗin inci 2.3 ko fiye ita ce daidai. Rage iska zuwa wajen PSI 22 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), tayar ta baje a kan yashi maimakon ta nutse. Kada ka rage fiye da haka, domin in ka hau dutse ƙarfen wili zai tsaga tub.

Sauko giya mai sauƙi tun kafin ka shiga. Ja jikinka bayan sirdi, ka sassauta riƙon kan keken, ƙafa kuma kada ta daina juya feda. Burkin gaba a rairayi kayar da mutum yake, ka bar shi.

Tsidau na huda taya sosai, ka riƙe kayan faci da famfo. Kada ka shafa wa sarƙa baƙin mai, yashi yake kamawa ya cinye haƙoran giya.