Sabon zuwa Ingila: ka fara da imel

Ɗan'uwa, duk inda ka samu aiki a Ingila, ofis ne ko asibiti ko gidan kula da tsofaffi, za ka tarar rubutu ya yi yawa: imel ga manaja, neman hutu, rahoton abin da ya faru a bakin aiki. A nan ne ƙirƙirarriyar basira, irin ChatGPT da ya fito a Nuwamban 2022 da Copilot na Microsoft, take yi wa baƙo rana.

Kada ka ce sai ka iya komai lokaci guda. Zaɓi aiki ɗaya da kake yi kullum, ka riƙa yin sa da ita har ya zame maka jiki. Ni dai imel nake ba da shawara. Turancinmu na makaranta ba shi da laifi, amma Bature gwanin kewaye-kewaye ne. Manaja zai rubuto cewa in ka samu sarari ka duba abu kaza, alhali yau yake so a gama. Kai kuma in ka faɗi buƙatarka kai tsaye, a ce ba ka da ladabi; in ka jero gaisuwa irin ta gida, a rasa abin da kake nema. To, ka fara rubuta naka da hannunka, sannan ka ce ta daidaita shi da salon ofishin Ingila, ta kuma nuna maka abin da ta canja da dalilinsa. Dalilin nan shi ne karatun. Wanda ke kwafa kawai ya tura, shekara za ta zagayo bai ƙaru da komai ba.

Sai batun sirri, kuma a nan ina roƙonka ka natsu. Sunan majinyaci, ranar haihuwarsa, lambarsa ta NHS (hukumar lafiya ta ƙasar), adireshin abokin ciniki, ko ɗaya kada ya shiga manhajar da ke wayarka. Dokar kare bayanai ta 2018 tana aiki, hukumar ICO mai kula da kare bayanai na sa ido, kuma ana korar mutum a kan wannan. In kamfani ne ya ɗauki nauyin bizarka, rasa aikin na iya sa a rage maka izinin zama zuwa kwana 60. Tun makon farko ka tambayi manaja wace manhaja aka yarda da ita, ka tsaya a kanta, da asusun wurin aiki.

Ka kuma sani ƙirƙirarriyar basira tana shirga ƙarya ba tare da ta yi gezau ba. Dokar biza tana yawan canjawa, don haka shafin gwamnati na GOV.UK za ka duba. Batun haraji ka tambayi hukumar haraji ta HMRC, rikici da mai aiki ka nufi Citizens Advice, cibiyar ba jama'a shawara, ko ƙungiyar ƙwadago. In ma'aikacin jinya ne kai, adadin magani daga littafin BNF (kundin bayanin magunguna) da likitan da ya rubuta za ka ɗauka, domin sa hannunka ne a kan takardar.