Yadda ake zagayawa da kare a bakin Kogin Kaduna da cikin kurmi

Ka fara da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan Kogin Kaduna ya ja baya, hanyoyin ƙafa sun bushe, sanyin hunturu kuma yana ba kare damar yin tafiya mai nisa ba tare da ya galabaita ba. A Agusta da Satumba kogin yakan cika har ya shiga unguwannin da ke gaɓarsa, saboda haka babu dalilin kusantarsa. Fitar sassafe ta fi ta yamma, musamman a zafin Maris da Afrilu da rairayi ke ƙona tafin ƙafar kare.

Kada ka fita da karen da ba a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka ba, wadda ake sabuntawa duk shekara. Ka riƙe gorar ruwa da igiya mai tsawon mita 2. Igiyoyin kanti masu miƙewa da kansu asarar kuɗi ce kawai. Wadda ake ɗaure rago da ita ta wadatar, muddin abin wuyan bai shaƙe shi ba. Idan wurin shaƙatawa na Gamji ka nufa, inda tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take, ka tambayi masu gadi tukuna ko za su bar ka ka shiga da kare.

Inda akasarin sababbi suke ɓata tafiyar shi ne lokacin da suka ga wuri ya yi shiru, sai su kwance igiyar wai kare ya sha iska. Bakin kogi a Kaduna ba fili ba ne da babu mai shi. Akwai masu lambu da suka dasa latas da alayyafo, akwai masu wanki, akwai kuma makiyaya da ke kawo shanu mashaya. Saniyar da ke da ɗan maraƙi ba ta jiran kare ya yi haushi kafin ta kawo suka. Da zarar ka hango garke, ka naɗe igiyar a hannu har karen ya dawo gefen ƙafarka, ka tsaya tsakaninsa da shanun, ka yi wa makiyayin sallama tun daga nesa, sannan ka jira su wuce gaba ɗaya. Kada ka fizgi igiyar ko ka daka wa karen tsawa, domin hakan yana ƙara tunzura shi. Haka za ka yi wa duk mai wucewa, tunda mutane da yawa ba sa son kare ya shinshini tufafinsu, balle wanda ya yi shirin salla.

A cikin kurmi ka bi hanyar da ƙafa ta riga ta taka, ka hana karen cusa hanci cikin rami ko busasshen ganye saboda macizai. Duhuwar bakin ruwa ce mazaunin ƙudan tsando mai kawo sammore, cutar da ke kama karnuka ma, don haka kada ku daɗe a can. Dazuzzukan bayan gari irin na Afaka ka bar su saboda tsaro.

Minti 40 ya isa a fitar farko. In kun dawo ka duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska da ƙarangiya, ka wanke masa ƙafafu, ka bari numfashinsa ya daidaita kafin ka ba shi abinci.