Darasi na 12: Matakan Tsoro a Bakin Bature

Kafin mu taɓa Turanci, mu fara da namu. Ranar da na ce kowa a aji ya kawo kalmar tsoro guda ɗaya, allo cika ya yi: tsoro, fargaba, zullumi, ɗari-ɗari, firgita, razana, gigicewa. Wata dattijuwa ta ƙara da "cikina ya ɗuri ruwa", wani magini ya ce "hantar cikina ta kaɗa". Babu wanda ya rikita su. Kowa ya san matar da ke jiran sakamakon gwajin jini zullumi take yi, wanda kuwa ya ɗaga tabarma ya ga kububuwa razana ya yi. To, Bature ma yana da matakansa. Aikinmu yau shi ne mu ɗora nasa a kan namu. In kun rasa kalmar Turanci da za ku ɗauka, ku fara tambayar kanku: da Hausa me zan ce a nan?

Tsoron yau da kullum

Kalmomi uku ne suka fi yawo: afraid, scared, frightened. Dukansu "jin tsoro" ne, kuma a wurare da yawa ɗaya tana iya zama a gurbin ɗaya. Amma kowace da halinta.

Afraid ta fi dacewa da zaunannen tsoro, wanda mutum yake tare da shi ko abin ba ya nan.

I am afraid of snakes. Ina tsoron macizai.

Scared ita ce ta hira, ta yara da manya, ta cikin gida. Frightened kuwa tana yawan zuwa idan wani abu ya auku farat ɗaya.

The noise frightened the baby. Ƙarar ta firgita jinjirin.

Afraid tana da wata ɗabi'a: ba ta zama gaban suna. Ana cewa a frightened child, wato yaro a firgice, amma ba a cewa an afraid child. Sai dai the child is afraid.

Sannan akwai wata afraid ɗin da babu tsoro a cikinta ko kaɗan. Ka je ofis neman manaja, sakatariya ta dube ka ta ce: I'm afraid he is not in. Kada ka tsaya tunanin abin da ya tsorata ta. Ladabi ne kawai, kamar mu ce "Wallahi ka yi haƙuri, ba ya nan." Da wannan Bature yake rage zafin labari marar daɗi.

Ku kula da rubutu. Scared, sacred, scarred sun yi kama a ido, amma ta biyun "mai alfarma" ce, ta ukun kuma "mai tabo". Ku rubuta ukun a jere a littafinku, ku ja layi ƙarƙashin harafin da ya sauya wuri ko ya ƙaru.

Wa ya ji tsoro, wa ya ba da tsoro?

Nan ne kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Akwai wani ɗalibina mai gadi, mutum mai jiki, ga saje, ga murya. Wata rana da daddare ɓarayi suka shiga gidan maƙwabta, aka yi ta harbi har wajen asuba. Da gari ya waye maigidansa ya fito ya tambaye shi yadda ya kwana. Shi kuma yana son ya gwada abin da ya koya, sai ya gyara tsayuwa ya ce: Sir, I was very scary. Maigidan ya kwashe da dariya, ya dafa kafaɗarsa ya ce ai don haka ya ɗauke shi aiki. Bawan Allah ya zo aji ransa a ɓace, yana cewa shi yana ba da labarin tashin hankali, ana yi masa dariya.

Abin da ya faru shi ne, ya so ya ce "na tsorata", sai ya ce "na kasance abin tsoro". Harafi ɗaya ko biyu ne a wutsiyar kalma suka juya zancen.

I was scared. Na ji tsoro.
The night was scary. Daren ya yi ban tsoro.

Haka ma sauran. Idan wutsiyar ed ce, ana maganar wanda tsoron ya kama. Idan ing ce, ana maganar abin da ya ba da tsoron.

The girl is frightened. Yarinyar ta firgita.
The dog is frightening. Karen yana da ban tsoro.

Mu ma haka muke yi. "Jin tsoro" daban, "ban tsoro" daban, kuma ba wanda zai ce "ina ban tsoron kura" yana nufin shi ne matsoracin. Ku riƙe wannan: ed ji ne, ing bayarwa ce. Scary kuwa ta fita daga layi, ta ɗauki y a wutsiya.

Idan tsoro ya kai maƙura

Terrified ita ce razana ta gaske, inda jiki ke ɓari, baki ya bushe. Ba a faɗin ta a kan kyankyaso sai in ana zolaya. Tushenta wata kalmar Latin ce, terrere, wato tsoratarwa. Daga nan terror ta fito, da terrorist, wanda muke ce wa ɗan ta'adda. Kalmar terrorism ta shigo Turanci ne a zamanin juyin juya halin Faransa, bayan kashe-kashen da masu mulki suka yi a 1793 da 1794. Wato da farko gwamnati aka fara jifa da kalmar, kafin ta koma kan masu ɗauke da makami a daji.

Petrified ita ce sandarewa, mutum ya kasa ko motsi. Petra a harshen Girka dutse ne, don haka ma'anarta "ya zama dutse". Wannan petra ɗin ce a cikin petroleum, man da ake haƙowa daga dutse, wanda bakinmu ya mayar fetur. Duk wanda ya taɓa shan mai a babur ya riga ya san rabin kalmar.

Panic gigicewa ce, tsoron da ke kwashe hankali har mutum ya yi abin da bai shirya ba. Girkawan dā suna da wani abin bauta mai suna Pan, wanda suka yi imani shi ke firgita garken dabbobi a daji su watse ba dalili. Idan gobara ta tashi a kasuwa aka shiga turmutsutsu, panic ke nan. Idan ma'aikacin jinya ya ce maka don't panic, yana nufin ka kwantar da hankalinka.

Sai horror, wadda mutane ke haɗa ta da terror alhali ba ɗaya ba ne. Terror tsoron abin da zai same ka ne. Horror kaɗuwa ce da ganin mummunan abu, ko da kai ba abin da zai taɓa ka. Fasinjan da direbansu yake tsula gudu a kan kwana, shi terrified ne. Wanda ya zo wucewa bayan haɗari ya ga abin da ya gani, shi horrified ne. Tushen kalmar a Latin, horrere, yana nufin gashi ya mimmiƙe. Ba sai na yi muku dogon bayani ba: tsikar jiki ce ta tashi.

Kalmomin da suka bar gidan ubansu

Terrible, horrible, awful, dreadful duk 'ya'yan tsoro ne, amma yawan amfani ya dakushe su. Yau Bature zai ce the soup is terrible, ba miyar ce ta razana shi ba, daɗi ne ba ta yi ba. Terrific kuwa juyawa ta yi gaba ɗaya. Da can abin razana take nufi, yanzu yabo ne. In malami ya duba aikinka ya ce terrific, ka yi murna.

Awful da awesome uwarsu ɗaya, awe, kuma a ganina babu fassarar da ta kai "kwarjini": tsoron da ke gauraye da girmamawa, irin wanda ke kama mutum a gaban babban sarki. Sai ɗaya ta lalace ta koma "mummuna", ɗayar ta koma "gwanin ban sha'awa". Game da tsoron Allah kuwa, fear ake amfani da ita, the fear of God. Ba a sa scared a nan.

Tsoron da ba a ga dalilinsa ba

Creepy daga creep take, wato rarrafe, kamar wani abu na bin fatarka. Ana faɗin ta a kan wuri, an fi kuma faɗin ta a kan mutum: wanda yake bin mace da kallo a tasha, bai ce komai ba amma hankalinta bai kwanta da shi ba. Eerie ta shiru ce da baƙon yanayi, kamar kasuwar da ka saba gani cike, ka shigo ranar dokar hana fita ka tarar ba kowa sai leda tana yawo. Spooky ta fatalwa ce da aljanu, amma da ɗan wasa a cikinta, irin na tatsuniyar dare. Haunted house shi ne gidan da ake cewa aljanu sun tare.

Nightmare mugun mafarki ne. Night dare ne, kun sani. Mare ɗin nan kuwa ba goɗiya ba ce, duk da rubutunsu ɗaya. Turawan dā sun yi imani akwai wani iska da ke hawa ƙirjin mai barci ya hana shi numfashi da motsi, shi suke kira da wannan suna. Da na faɗi haka a aji, mata uku suka haɗa baki: "Dannau!"

A asibiti da kan hanya

Nervous ɗari-ɗari ne, irin na ranar jarrabawa. Worried damuwa ce a kan wani abu takamaimai. Anxious ta fi kusa da zullumi. Ku karanta wannan hira bibbiyu, ɗaya ya zama likita.

Likita: Mama, what is the problem? Mama, me ke damun ku?
Uwa: I am worried about my son. Hankalina ya tashi a kan ɗana.
Likita: Is he in pain? Yana jin ciwo?
Uwa: No. He has nightmares. He wakes up terrified. A'a. Mugayen mafarkai yake yi, ya farka a razane.

A kan alluna kuma za ku riƙa ganin caution, warning, danger. A yawancin wurare haka nauyinsu yake hawa: ta farko "yi hattara", ta biyu gargaɗi, ta uku haɗarin da ke iya kisa, irin wadda ake rubutawa a jikin taransifoma. Beware of dogs a ƙofar gida yana nufin akwai karnuka, ka yi sallama daga nesa.

Aikin gida

1. Cike gurbi da scared ko scary: The film was ______. My sister was ______.
2. Wace kalma ta dace da wanda ya ga kura ya kasa ɗaga ƙafa: nervous, petrified, ko terrific?
3. Mai shago ya ce maka: I'm afraid we have no change. Rubuta da Hausa abin da yake nufi.
4. Gyara jimlar mai gadin nan, ka rubuta ta yadda ya kamata ya faɗa wa maigidansa.
5. Tambayi wani babba a gidanku ranar da ya fi jin tsoro a rayuwarsa. Rubuta kalmar Hausa da ya yi amfani da ita, ka zo mana da ta Turancin da kake ganin ta fi kusa da ita.