Ga masu shirin rubuta LSAT daga gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ke neman gurbin karatun lauya a Amurka ko Kanada, ga 'yar shawara.

LSAT, wato jarrabawar shiga makarantar lauya, kashi huɗu ce, kowane kashi minti 35, da hutun minti 10 bayan na biyu. Tun watan Agustan 2024 aka cire kashin wasannin tunani (logic games), don haka a daina ɓata lokaci a kan tsofaffin littattafai. Yanzu sai nazarin hujja da fahimtar karatu. Maki daga 120 ne zuwa 180.

Abin da na fi ji muku shi ne gwaji. Ku shiga LawHub, shafin gwaji na LSAC, hukumar da ke shirya jarrabawar, ku riƙa yin cikakkiyar jarrabawa da agogo, a kan kwamfutar da za ku yi ta gaske da ita, a ɗakin da za ku zauna. Mai sa ido zai sa ku zagaya ɗakin da kyamara, har ƙarƙashin tebur, to ku kwashe takardu da waya tun da dare.

Ku cika caji, ku tanadi intanet na biyu, fasfo yana kusa. A kuma roƙi mutanen gida kada yaro ya turo ƙofa, don Allah.