Yadda Ake Zaɓen Saurin Agogo da Matakin Delta-Sigma a Na'urar Karɓar Sigina

Injiniyan da zai tsara ɓangaren da ke mayar da siginar rediyo zuwa lambobi ya kamata ya fara da faɗin tashar da zai karɓa. A tsarin wayar salula, tashar GSM (wato 2G) faɗinta kilohaz 200 ne, ta LTE (wato 4G) kuwa tana kaiwa megahaz 20. Idan aka sauko da siginar kai tsaye zuwa mitar sifiri, ana raba ta zuwa rassa biyu da ake kira I da Q, kuma kowane reshe rabin wannan faɗin yake ɗauka, wato kilohaz 100 da megahaz 10.

Daga nan sai a lissafa ninkin samfuri: a raba saurin agogo, wato yawan samfurin sigina da ake ɗauka a daƙiƙa ɗaya, da ninki biyu na faɗin reshe. Agogon megahaz 26, wanda ya zama ruwan dare a wayoyin GSM, yana ba da ninki 130. A LTE kuwa, ko ninki 16 kawai ake so, sai agogo ya kai megahaz 320, kuma batir ne zai biya kuɗin.

Ƙara sauri shi kaɗai ba ya tsinana abin kirki, domin duk ninki biyu desibel 3 kacal (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne) yake rage hayaniyar da yanka sigina zuwa lamba ke haifarwa, wato rabin bit. Dabarar delta-sigma, wadda Inose da Yasuda suka bayyana a Jami'ar Tokyo a 1962, ita ce ke sauya lissafin. Madaukinta, wato zagayen da ke dawo da abin da ya fita zuwa mashiga don a gyara kuskure, yana tura hayaniyar daga cikin tasha zuwa mitoci na sama, kamar mai shara da ke tara ƙura a lungu kafin ta kwashe. Matakin madauki shi ne yawan sassan tarawa da ke cikinsa: mataki na ɗaya yana rage hayaniyar da desibel 9 a duk ninki biyu, na biyu 15, na uku 21. Saboda haka madauki mai mataki biyu da bit ɗaya yana sa sigina ta fi hayaniya da wajen desibel 100 a takarda idan ninkin 128 ne, amma bai wuce 55 ba idan ninkin 16 ne. Shi ya sa ga tasha mai faɗi ake komawa mataki uku da bit huɗu.

A nan ne masu farawa suka fi tuntuɓe, domin madauki mai bit ɗaya da ya haura mataki biyu yana iya ɓallewa, wato ya rikice ya daina bin siginar, idan sigina ta yi ƙarfi. Ƙa'idar Lee ta ce kada ƙarin hayaniyar da ke wajen tasha ya wuce kimanin ninki 1.5, kuma a ganina gara a bi ta a sadaukar da 'yan desibel. Idan aka ƙara bit, sai wata matsala ta kunno kai: ƙwayoyin da ke mayar da lamba zuwa sigina a hanyar komawa ba sa fitowa daidai wa daida daga masana'anta, kuma madaukin ba ya share wannan kuskuren. Maganinsa shi ne a riƙa amfani da ƙwayoyin bi-da-bi.

A bar wuri kuma domin siginar maƙwabta. Sau da yawa tashar da ke gefe ta fi wadda ake so ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ita ce ke cika madauki. Madauki mai aiki ba yankewa, wato wanda yake sarrafa sigina kafin a ɗauki samfurinta, yana tace mitocin da ke kusa da na agogo da kansa, sai dai rawar agogo, wato rashin zuwan bugunsa a kan lokaci daidai, tana yi masa illa ƙwarai.

Sai matacin lambobi da ke kwashe ƙurar ya kuma rage sauri. Irin matacin da ake kira CIC, wanda Hogenauer ya wallafa a 1981, ba ya buƙatar ninkawa, tarawa da ɗebewa kawai yake yi, kuma a ba shi mataki ɗaya sama da na madaukin. Wajen gwaji, a shigar da sauti guda mai mitar da ba ta kai sulusin faɗin reshe ba, domin murɗiyarsa ta uku, wato gurɓatar da ke fitowa a ninki uku na mitarsa, ta faɗo cikin tasha a gan ta.