Darasi na 9: Motar da ke tashi yau ta ƙi gobe

Duk wanda ya taɓa riƙe fikof mai shan gazuwal, wato man dizal, ya san wannan ciwo. Da asuba ka murɗa makulli, mota ta tashi nan take. Da azahar ka tsaya salla, ka dawo ka murɗa, shiru kake ji. Ka kira makanike, yana isowa ta tashi a gabansa, ya ce maka lafiyarta ƙalau. Wasu har su fara zargin sammu. Ba sammu ba ne, 'yan uwa. Wuta ce take rasa hanya a wata mahaɗa, yau ta wuce, gobe ta kasa.

Injin gazuwal ba shi da tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da zai kunna mai. Tsofaffin injunan Hilux, su 2L da 3L da 5L, suna matse iskar kusan ninki 22. Kafin demarer, wanda mutanen Najeriya ke kira kik, ya juya irin wannan inji, sai ya ja wuta mai yawan gaske, ɗaruruwan amfiya. Shi ya sa rediyo zai yi magana, ham ya yi kuka, amma mota ta ƙi tashi. Ƙofar da akuya ta bi ba lallai raƙumi ya shige ba.

Shekarun baya ina jigilar albasa daga Marwa zuwa Garwa da tsohuwar Hilux ta maigidana. Wata rana cikin zafin Afrilu na tsaya la'asar a Figil, mota ta ƙi tashi, ga lodi har sama. Samarin tasha ne suka tura ni, suna haɗa gumi. Ina isa Garwa na sayi sabon batir, kuɗin da ya cinye ribar tafiyar. Kwana huɗu, ta sake. Aka kai ni wurin wani dattijo mai gyaran wutar mota. Ko akwatin aikinsa bai buɗe ba.

"Ɗana, kunna manyan fitilu ka murɗa makulli."

Na murɗa, fitilu suka dushe kamar aci-bal-bal da mai ya ƙare. Ya bi wayar nan mai kauri da ta fito daga kan batir mai alamar ragewa, har inda aka ɗaure ta a jikin mota.

"Taɓa nan."

"Baba, ai da zafi."

"To a nan wutarka take mutuwa."

Ya kwance notin da yatsu biyu kawai, don ya riga ya saki. Ƙarƙashinsa tsatsa ce ja wur. Ya goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tamau. Wannan waya ita ake kira mas. Tsohon batirin da na yar ba shi da laifin komai, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Me ya sa ciwon ke zuwa yana tafiya? Gargadar hanya tana girgiza noti, wani lokaci ya zauna daidai, wani lokaci ya goce. Zafin inji yana buɗa ƙarfe. Ƙurar hunturu tana shiga, ruwan damina ya biyo baya ya mayar da ita tsatsa. Saboda haka a lokacin da motar ta ƙi ne ake bincike. Idan ta riga ta tashi, ɓarawo ya gudu.

Kunne da ido

Ku sa giya a firi, ku ja birkin hannu, ku kunna manyan fitilu, sannan ku murɗa.

Idan fitilu suka dushe, ko kuka ji kat-kat-kat da sauri, ku nufi batir da kawunansa da wayar mas. A nan laifin ya fi yawa, kuma a nan gyaran ya fi araha. Ku kama kan batir ku juya da hannu. In ya motsa, kun sami mai laifi. Farin gari ko kore da ya taru a kai shi ma yana tare wuta.

Idan fitilu suna nan da haskensu amma ba motsi, ko kuwa ƙwas guda ɗaya kawai, wuta ba ta isa cikin demarer ba. Ku duba siririyar wayar da ke shiga bayansa, sau da yawa bakinta ne ya saki. Bayan ita sai rele, wato ɗan akwatin da ke buɗe wa wuta hanya zuwa demarer, sai gidan makulli, sai gawayin demarer da ya cinye. Direbobi kan ƙwanƙwasa demarer da sifana mota ta tashi. Zai fitar da ku daga daji, amma alama ce cewa gawayi ya ƙare. A kai wa mai gyara.

Idan kuwa inji yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, ku matsa wurin famfon gazuwal. A tsofaffin injuna akwai wani ɗan ƙarfe mai waya ɗaya a jikin famfon, shi ke buɗe wa mai hanya. Wani ya kara kunne kusa, wani ya murɗa makulli mataki na farko. Ya kamata a ji ƙyas. In ba a ji ba, ku duba wayarsa da fizibil ɗinsa, wato fis, ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Da sanyin Janairu kuma ku jira fitilar zafafa inji ta mutu kafin ku tayar. Sabbin Hilux masu rubutun D-4D suna da kwamfuta, su sai a kai wa mai na'urar karanta su. Kada ku riƙe makulli ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15. Ku bar demarer ya huce minti ɗaya.

Karatun mita

Ga inda karatun lambobi da muka sha wahala a kai zai biya ku. Mitar auna wuta ba ta da tsada. Ku juya ta zuwa 20 a ɓangaren wutar batir, jar waya a kan +, baƙa a kan −. Ku lura da ɗigon da ke tsakanin lambobi.

Mota a kashe, cikakken batir yana nuna 12.6. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. Lokacin da ake murɗa makulli, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Inji yana aiki, ku nemi 13.8 zuwa 14.4, shaidar cewa altanato yana caji.

Akwai awo ɗaya da nake so ku riƙe da kyau. Ku sa waya ɗaya a kan dalmar batir mai alamar −, ɗaya a jikin inji inda ba fenti, wani ya murɗa. Lambar ta tsaya kusa da sifiri. In ta haura 0.5, mas ɗinku ba ta da lafiya, komai kyawunta a ido.

Wankin kan batir

A fara cire −, a mayar da shi ƙarshe. Ku cire zobe da agogon ƙarfe, kuma ba taba ba ashana kusa, don batir yana fitar da iska mai kama wuta. Ku jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ku wanke garin, za ku ga yana kumfa. Kada ruwan kanwar ya shiga ramukan batir. A goge da samfefa, a ɗaure da sifana lamba 10, a shafa giris kaɗan a sama. Ba a buga kan batir da guduma, ba a cusa masa ƙusa.

Ina roƙonku abu biyu. Fizibil da ya ƙone a maye shi da mai lambarsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Wanda ya naɗa waya ko takardar kwalin taba a madadinsa, gobara ya gayyato. Kuma kada ku haɗa demarer da sukuddireba mota tana cikin giya, za ta yi tsalle ta take wanda ke gabanta.

Aikin gida

Kowa ya sami ƙaramin littafi ya ajiye a mota. Duk ranar da ta ƙi, ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da ko inji yana da zafi ko sanyi, da ƙarar da ya ji, da abin da fitilu suka yi. Wanda ba shi da mota ya roƙi maƙwabci ya buɗe masa bonet, ya nemo wayar mas, ya bi ta da yatsa har inda ta ƙare, ya zana ta. A zama na gaba zan zo da mita da batir biyu, kowa zai auna ya karanta mana lambar da bakinsa.